Hannun Cin Tuwo

Da sunan Allah nake farawa, wanda ya ba mu gaɓoɓi ba tare da mun roƙa ba, yake kuma karɓar wadda ya so a ranar da ya so. Wannan labarin hannuna ne na dama. Ba da shi nake rubutun nan ba, don har yau ba ya riƙe biro. Da hagu na sake koyon rubutu ina babba, shi ya sa duk wanda ya ga takardata sai ya tambaya ko kaza ce ta bi ta kai. Na rubuta ne saboda masu aikin inji da danginsu, kuma dangin ma sun fi buƙatar ji.

A farkon shekarun tamanin ina aiki a wani kamfanin kwano a Bompai. Aikin ba shi da wuya a baki: ka shimfiɗa fallen ƙarfe a bakin inji, ka janye hannu, ka taka feda, kan injin ya sauko ya danne shi ya zama kwano. Ni mutumin ƙasar Ringim ne, ba ni da kowa a Kano sai matata Hansai da ’yarmu da take goye. Ɗaki ɗaya muke haya a Dakata, a gidan wani dattijo, Baba Garba.

A gidan Baba Garba ana ciyayya. Da an idar da magariba, kowane magidanci matarsa za ta miƙo kwanonsa zaure, mu zauna a tabarma ɗaya, a jawo na wannan a cinye, a ture, a jawo na wancan. A nan ake jin kamfanin da ke ɗaukar ma’aikata, a nan ake tsokanar wanda matarsa ta cika gishiri. Shugaban tsokanar shi ne Sale, direban tifa, mai bakin da ba ya hutawa ko yana tauna. Ga baƙo irina, wannan tabarmar ita ce dangi. Ban san haka ba sai da na tashi daga kanta.

Ranar da abin ya faru, wuta ce ta ɗauke kan injin yana tsakiyar saukowa. Falle ya maƙale a karkace, na sa hannu in gyara shi kafin wuta ta dawo, kamar yadda kowa ke yi. Ashe an riga an tayar da janareta. Ban ji zafi ba da farko. Ihun Bitrus na ji, wani mutumin Filato da ke injin kusa da ni. Shi ya kashe injin, ya tuɓe rigarsa ya naɗe mini hannun, yana ta cewa, “Habu, kada ka duba. Ni za ka duba, ni.” Ina dubansa har aka sa ni a motar kamfani. Allah ya saka wa Bitrus da alheri duk inda yake.

A asibiti aka cire ƙaramin yatsa da na kusa da shi, don babu abin da ya rage a ɗinka. Sauran ukun sun karye amma suna nan. Aka ɗinke, aka sa filasta. Makon farko ban san dare ba, ban san rana ba, hannun yana bugawa kamar ana daka a ciki. Hansai na zuwa da kunu da goyo a baya, a tsayar da ita a ƙofa sai lokacin ziyara ya yi, kunun ya iso mini a huce. Maganin da likita ya rubuta babu shi a asibitin, sai an fita waje an saya. A mako na biyu muka sayar da rediyona.

Da za a sallame ni, wani likita ya ɗaga hannun yana dubawa. Filastar ba a miƙe take ba, an lanƙwasa yatsun kamar na riƙe lemo. Ya ce in dawo bayan ’yan makonni a cire, daga nan in fara zuwa sashen gashi, inda ake gasa gaɓa a motsa ta. Bai faɗa mini dalilin lanƙwasawar ba, ni ma ban tambaya ba. Layin da ke bayana ya kai har bakin baranda, kuma a lokacin wa yake tambayar likita dalili? Har yau ina jin haushin wannan shirun namu, nasa da nawa.

Ban kwana uku a gida ba sai ga Kawu Ado daga ƙauye, ƙanin mahaifiyata, wanda ya riƙe ni tun ina yaro. Ya zauna ya ƙura wa filastar ido.

“Wannan fa? A karkace suka ɗaure maka?”

“Haka likita ya yi, Kawu.”

“To, ni dai tun da nake ban taɓa ganin an ɗora ƙashi a lanƙwashe ba. Ka bar shi haka ya haɗe, ka zama mai ƙundumin hannu har ka mutu? Tashi mu tafi gida. Sarkin ɗori yana nan da ransa.”

Hansai daga bayan labule ta ce, “Kawu, da kun bari an cire filastar tukuna.”

“Ke, hannun ɗana ne ko naki?”

Maganar gaskiya, abin da ya faɗa ya shige ni. Ido na gani, yatsun a lanƙwashe suke. Baba Garba ya ce a dai bi a hankali, Sale ya ce ai mai ɗorin ƙauye ya fi likita goma, shi ma wani yaron motarsa can aka gyara masa ƙafa. Kowa da tasa, ni kuma ciwo ya cinye mini tunani. Washegari muka hau mota.

Sarkin ɗori tsoho ne mai sanyin magana, kuma ba zan zalunce shi ba, na san mutanen da suke tafiya da ƙafarsu yau saboda shi. Ya sa aka jiƙa filastar aka yayyage. Maza biyu suka danne ni, ya kama yatsun ɗaya bayan ɗaya ya miƙar da su. Na yi kukan da ban yi ba a bakin inji. Ya jera karare, ya shimfiɗa hannun a kai sambal, ya ɗaure tam da tsumma, ya yi tofi. Sannan ya sa aka kamo budurwar kaza, ya karya mata ƙafa a gabana, ya ɗaure ta da ɗan kara ita ma.

“Ranar da ka ga ta taka, kai ma ka warke. Kafin nan ko ƙuda kada ka kora da hannun.”

Haka na zauna a ƙofar ɗakin Kawu, mako na bin mako, ba ni da aiki sai kallon kaza. Ta ɗingisa in ji daɗi, ta kwanta gabana ya faɗi. Matar Kawu na ba ni fura a baki da ludayi. ’Yan dubiya suna zuwa, wannan ya ce man shanu, wannan ya ce kitsen damo, wata tsohuwa ta ce kada in ci kuɓewa don kada ƙashin ya yi santsi. Duk na bi. Kazar ta taka, amma sarkin ɗori ya taɓa hannun ya ce nawa da saura, a ƙara masa lokaci. Aka ƙara. Kafin a kwance ni kazar nan ta yi ƙwai, ta kwanta, ta ƙyanƙyashe.

Ranar kwancewa gida ya cika. Yatsu uku suka fito a miƙe, sumul, babu karkata ko kaɗan. Kawu ya yi hamdala, mata suka yi guɗa. Sarkin ɗori ya ce, “To, dunƙula.” Na aika wa hannun saƙo, bai amsa ba. Na ciji leɓe, na yi gumi, yatsun suna nan kamar an sassaƙa su da itace. Ya ce sanyi ne, zai sake da kansa.

Na dawo Dakata da hannu kamar muciya. Abin da ban taɓa lissafawa ba shi ne yawan abin da dama ke yi wa mutum a cikin mutane. Wani ya miƙo hannu ku gaisa, ka miƙa masa tsintsiyar hannu. Mai kanti ya ba ka canji, ka karɓa da hagu kana ba da haƙuri. Tazugen wando sai Hansai ta ɗaura mini, in na shiga banɗaki sai ta tsaya kusa. Namiji da gemunsa. Akwai ranar da na tsaya a bayan gida na yi hawaye saboda tazuge.

Amma duk wannan bai kai zaure ba. Daren da na dawo, Baba Garba ya aiko in fito a ci abinci. Na wanke hannu na zauna, aka yi mini sannu, aka jawo kwanon farko, tuwon dawa da miyar kuka. Na kai dama, ta tsaya a kan tuwon ba ta iya komai ba. Sai na kai hagu. Ban ɗaga kai ba. Sale ya janye hannunsa a hankali, ya lashe yatsu.

“Ni fa na ƙoshi. Na ci wani abu a tasha.”

Sale da ba ya ƙoshi. Baba Garba ya ce, “Lalura ce, Sale. Addini bai hana mai lalura ba.”

“Na sani, Baba. Wallahi na sani. Zuciya ce ba ta sani ba.”

Ban ga laifinsa ba, kuma shi ne abin da ya fi ƙona mini rai. Kowa a wurin ya san abin da ake yi da hagu, ni ma da wani ne da na janye. Washegari aka zuba mini nawa a ɗan kwano daban, aka ajiye a gefen tabarma, har da tsokar nama a kai don a faranta mini. Na ci ina jin hirarsu ta bayan kunne kamar baƙon da ya sauka a tasha. Daga ranar ban sake fita ba. A ɗaki nake ci, in juya wa ƙofa baya.

Hansai ce ta matsa muka koma asibiti. Mu fita bayan asuba, mu hau bas biyu, mu tarar layin kati ya riga mu. Ranar farko aka ce likitan ƙashi ba ya zama sai wata rana. Ranar da yake zama aka ce an rufe karɓar kati. Sai a zuwa na uku muka gan shi, kuma shi ne dai wanda ya sallame ni. Ya juya hannun, ya gwada lanƙwasa manuniya, na yi ƙara.

“Wa ya cire filastar?”

Na faɗa masa. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ajiyar zuciya kawai ya yi, ya ce, “Malam Habu, ƙafa ce take aiki a miƙe. Hannu a lanƙwashe yake aiki. Ƙashinka ya haɗu, amma jijiyoyin sun ƙage.” Wannan maganar ita ce na so ji tun ranar sallama. Da ya faɗe ta a lokacin, da na sami abin da zan gaya wa Kawu.

Na ce, “Likita, zan iya cin tuwo da shi?”

Ya dube ni, ina jin ya zaci zan tambayi komawa aiki. Ya ce, “Ban yi maka alkawari ba. Ka je gashi.”

A sashen gashi akwai wata Sista Rahila, mutuniyar kudancin Kaduna, gajeruwa mai ƙarfin hannu. Za ta tsoma hannuna cikin narkakken kyandir mai ɗumi, ta naɗe, in ya yi laushi sai ta kama yatsa ta fara lanƙwasawa tana mini hira kamar ba ita ba. In na yi ihu ta ce, “Yi kukanka, Malam, ba mai kai labari Dakata.” Na tsane ta a watan farko, na yi mata addu’a a na uku. Sai dai mu da yawa ne, ita kaɗai ce, wani lokacin ka wuni a benci a ce wutar narka kyandir ta ɗauke, ka koma gida yadda ka zo.

Kamfani kuwa sun biya kuɗin asibitin farko, suka ba ni ɗan abin da suka kira diyya, wanda kuɗin mota da magani suka lashe. Na je neman ko gadi ne, aka ce ana ma rage masu hannu biyu. Muka sayar da keke. Daga nan Hansai ta fara sauke kwanukan jerenta ɗaya bayan ɗaya tana ba dillaliya. Wata rana na juya gindin wani na ga tambarin kamfaninmu. Wataƙila ma ni na buga shi. Kawu ya aiko da buhun gero da saƙon cewa in daure, sanyi ne. Na ci geron, na gode, ban ba da amsar saƙon ba.

A gida Hansai ta zama Sista ta biyu. Da safe ta gasa hannun da ruwan zafi, ta murza da man kaɗanya. Ta zuba wake a faifai ta ce in tsince. In bi ƙwaya ɗaya da yatsu tana gudu, har in gaji in ture faifan. Ta tattara ta sake ajiye mini. Da yamma ta ɗebi ɗan tuwo a murfi ta ce in gwada yanka. Yatsun su nutse a ciki su tsaya. Akwai ranar da na yi jifa da murfin, na ce mata ta koma gidansu ta huta da wahala.

“Maigida, in ka gama, ga wani murfin.”

Damina ta wuce, aka yi girbi, wata daminar ta kusa. A hankali babban yatsa ya fara taɓa manuniya, sannan na tsakiya ya ɗan rusuno. Na iya ɗaukar ƙwayar wake, na iya ɗaukar goro. Amma matsewa da ƙarfi, irin wadda ake yanko loma a mulmula, ta ƙi. Na yi ta jira Sista Rahila ta ce saura kaɗan. Wata rana ta gama gashi, ta riƙe hannun ba ta sake ba.

“Malam Habu, ba zan ɓoye maka ba. Inda ya tsaya ɗin nan, nan ne. Ka ci gaba da motsa shi don kada ya koma baya, amma kada ka ƙara kashe kuɗin mota saboda ni.”

Na ce mata na gode. A bas na zauna ina kallon hannun a cinyata har muka wuce inda zan sauka.

Da magariba Hansai ta shigo ɗaki hannu wofi. Na ce ina abincina. Ta ce yana zaure.

“Ke, kin san ba na fita.”

“Na sani. Amma Baba ya ce in na sake kai maka ɗaki, shi ma ya daina ci. Tsoho ne, Maigida, kada ka ɗauki alhakinsa.”

Na fita don kunyar Baba Garba, ba don na yarda ba. Babu ɗan kwano a gefe. Baba ya matsa mini kusa da shi, ta hagunsa. Aka jawo kwano, aka yi bismilla. Na kai hannun, na danna gefen tuwon, na samu na ɓantaro wani ɗan guntu. Kafin ya kai miya ya suɓuce, ya faɗa, miya ta fantsamo wa Sale a riga. Na yunƙura zan tashi. Baba Garba ya dafa gwiwata da hagunsa, bai dube ni ba, yana ta ba da labarin tsadar taki. Da damarsa ya yanko loma, ya mulmula, ya lotsa tsakiyarta da babban yatsa, ya ajiye a gefen kwanon da ke gabana. Ya yanko wata ya jera kusa da ita, kamar yadda ake yi wa yaron da aka yaye. Na sa yatsuna uku na ɗauka. Ta zauna. Na tsoma a miya na kai baki da hannun dama, hawaye na zuba, babu wanda ya ce ya gani.

Hannun bai ƙara komai a kan haka ba har yau. Ban koma inji ba, tebur na kafa a bakin titi ina sayar da goro da sabulu. Don haka ga abin da zan ce wa duk wanda ƙaddara irin tawa ta samu: ka tambayi likita dalili ko layi ya kai titi, kuma kada ka bari a kwance abin da ba a gaya maka amfaninsa ba, ko wanda ya ce a kwance ɗin shi ya raine ka. Kawu ya so ni, sarkin ɗori ya yi iya saninsa, ni kuma na rasa hannu a tsakaninsu.

Shekaru Baba Garba yana yanka mini loma, kullum yana hira kamar bai san hannunsa na yi ba. Da ya rasu, Allah ya ji ƙansa, bayan an share makoki aka sake shimfiɗa tabarma a zaure. Na fito don kada a ce ban fito ba, na zauna a wurina, gefena babu kowa. Aka jawo kwano, kowa ya sa hannu, ni na ajiye nawa a cinya. Na riga na shirya abin da zan ce, cewa na ci wani abu a bakin titi.

Sai Sale ya taso daga inda yake, ya zagayo, ya zauna a wurin Baba. Ya yanko wata ƙatuwar loma irin ta direbobi, ya mulmula, ya dangwarar a gabana.

“Ka yi haƙuri da girmanta, Habu. Ban iya ƙanana ba, amma zan koya.”